Lungun da Muka Toshe a Waziriyya

Lokacin da muka tare a unguwar Waziriyya, can ƙasa mai tsarki, ina da cikin ɗana na biyu, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne gidan ba shi da tsakar gida. Ɗaki biyu ne da madafa, kina buɗe ƙofa sai titi. Gidajen a jere suke, an gina su don masu ƙaramin ƙarfi irinmu, kuma tsakanin kowane gida da na kusa da shi an bar lungu a buɗe. Mai gidan haya ya ce dokar baladiyya ce, wato hukumar gari: ba a gini a wurin, don iskar teku ta ratsa unguwa, in kuma an yi ruwa ya sami hanyar gangarawa.

Mu dai fili muka gani. A Damagaram na tashi, a gidan da mace ke yini ƙarƙashin sararin Allah ba mayafi, tana daka tana shanya. A nan sai na zama kamar kazar da aka kife da kwando. Maigidana, wanda ke aiki a wani sito a tashar jiragen ruwa, ya ga ina ramewa, sai ya kira wani magini ɗan garinmu. Aka ja bulo ta bakin lungun da ta ƙarshensa, aka fasa mini ƙofa daga madafa. Maginin ya tambaya ko a bar rariya a gindin katanga kamar yadda ake yi a gida. Maigida ya yi dariya, ya ce garin da shekara ke wucewa ba a ga hadari ba, rariya ɓeraye kawai za ta kawo mana.

A wannan ɗan wuri na raini 'ya'yana. Na kafa turmi, na ɗaura igiyar shanya, na shuka zogale har ya wuce katanga. Nan nake sallar walha. Matan unguwa suka zo suka gani, kowacce ta koma ta tsare mijinta, kafin ka ce me lunguna sun toshe daga sama har ƙasa. Iska ta daina shigowa, zafi ya ƙaru, muka ɗora laifin a kan zamani.

Gidan da muka haɗa lungu da shi na wata tsohuwa ne, Bahaushiyar Sudan, kowa Inna yake ce mata. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, 'yarta kuma tana aikin shara a wani asibiti, sai yamma take dawowa. Tagar Inna cikin tsakar gidana take kallo, don haka tare muke yini. Daga kan gado take jin ƙamshin miyata ta ce daddawa ta yi kaɗan, ko kuma wannan dakan na malalaciya ne. Ɗakinta ya fi titi zurfi, sai an sauko ake shigarsa.

Shekarar da aka yi ruwan nan mai ɓarna a lokacin aikin Hajji, namu bai kai na unguwannin gabas ba, amma ya ishe mu. Da hantsi ruwa ya gangaro, ya doki katangata ta sama, ya rasa hanya, sai ya juya ya shiga ƙofar Inna. Ta taga na ji muryarta, ba ihu take ba, salati take yi a hankali. Da na shiga, ruwan ya kai mini ƙwauri, yana lasar katifarta. Na durƙusa na goya ta kamar jaririya na fito da ita.

Ba a daɗe ba ma'aikatan baladiyya suka bi unguwa suna shafa jan fenti a katangun lunguna, alamar a rushe. Mai gidan haya ya ce mu yi shiru, yana da wanda zai yi wa magana. Mazan unguwa ma suka haɗa baki kada kowa ya taɓa tasa, don wanda ya fara ya tona asirin saura. Maigida kuwa lokacin sabunta iƙamarsa ya matso, takardar zamanmu a ƙasar ke nan, ba ya son sunansa ya shiga bakin kowa, ko na hukuma ko na maƙwabta.

Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Kullum da safe sai na ɗaga kai na duba wajen teku. Na tashi a ƙasar da ake fita roƙon ruwa, ga ni yau gabana na faɗuwa in na ga girgije. Na rasa yadda zan yi addu'a. In ce kada a yi ruwa, na ji kunyar Ubangiji. Kasuwa ma na daina zuwa, sai aike.

Inna ta lura. Wata rana ina tankaɗe ta ce, “'Yar nan, bar katangarki. In ruwan ya dawo ki sake goya ni, ai daɗi na ji. Rabona da hawa wani abu tun jirgin da ya kawo mu.” Na yi dariya, amma na ga ta sa an ɗora mata carbinta da rediyonta a kan ƙusa can sama.

Ranar wata Alhamis maigida yana shan shayi, na zauna kusa da shi.

“Malam, in ruwan nan ya zo ba na gida fa? Ko ya zo da ƙarfin da ba zan iya buɗe ƙofarta ba?”

Ya ajiye kofin. “In na rushe katangar, kin san ke za ki koma ɗaki, Hajiya.”

Na ce na sani.

Washegari da safe ya aro guduma. Maza suka taru suna kallo, wani maƙwabcinmu ɗan Chadi ya tambaye shi yaushe baladiyya ta ɗauke shi aiki, nawa ne albashin. Ya ci gaba da dukan katanga, sai da bulon ƙarshe ya faɗi ya ce halas, wato an gama. Ni na sare zogalen da hannuna, na raba ganyen gida-gida, wasu suka karɓa, wasu suka maido. Turmi ya koma bayan ƙofar madafa. Akwai matan da suka yi wata ba su amsa sallamata da kyau ba.

Da ruwa ya sake zuwa, da rana tsaka ne. Ɗigon farko na ji a kwano, na bar tukunya a wuta na ruga wurin Inna. Muka zauna a gadonta, hannunta cikin nawa, muna kallo ta taga. Ruwan ya shigo lungun ja wur, ɗauke da ledoji da silifas, ya wuce mu da gudu. Idona na kan dokin ƙofa, ya jiƙe amma bai tsallako ba.

Sai Inna ta miƙa wuya ta dubi gangare, inda katangar gidan bayanmu ke tsaye da jan fentinta, ruwa ya fara taruwa a gindinta.

“Yalla, maza tashi,” ta ce. “Akwai mai jego a gidan can.”

Na ja mayafina na fita.