Tulunan da Na Tono a Makewayin Gidanmu

Assalamu alaikum. Shekarar da aka yi taron ƙaddamar da shari'a a Gusau, wanda mutanen garinmu Ƙauran Namoda suka yi ta cika motoci suna tafiya, na ɗan haura shekara talatin, ina da mata da 'ya'ya biyu. Sana'ata sayar da yadi, ina bin kasuwanni har Shinkafi da Zurmi. Ban yi boko ba, amma na sauke Alƙur'ani, na karanta 'yan littattafai, kuma hannuna na ajami mai kyau ne, har maƙwabta kan zo in rubuta musu wasiƙa. Wannan ma da ajami na fara rubuta ta kafin a juya mini ita. A lokacin ina ganin kaina mutum ne mai lura, wanda ba a yi wa rufa-ido. Wannan ganin kan shi ya kai ni ga abin da zan ba ku labari, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Gidan da muke ciki na gado ne, ginin ƙasa mai azara. Mahaifina ya rasu shekara biyu kafin nan, bayan doguwar jinya ta kumburin ƙafa wadda aka rasa gane kanta. Ɗakinsa ya zama nawa, amma yaɓen ya zube, daɓen ya farfashe. Makewayin da ke jikin ɗakin kuwa, inda muke wanka, tsakuwa ce kawai a ƙasa da dutse guda na tsayawa. Tun da aka ba mu jiha nake ganin sababbin gidaje a Gusau, wurin wanka sumul da siminti, sai raina ya biya. Maginan garinmu masu aikin siminti duk sun koma can inda ake ta gine-gine. Sai na ce da mai ɗakina ai ba wani abu ba ne, na sha tsayawa ina kallon yadda ake kwaɓawa, da ni da ita za mu yi abinmu. Ta yi dariya ta ce ita dai ɗibar ruwa ta iya, in bango ya karkace kada in ce ita ce. Da rani ya kama na sayo siminti, na aro diga da shebur da cokalin magina.

Maƙwabcinmu na jikin katanga wani dattijo ne, magini ɗan magina, aminin mahaifina. Shi ya gina gidan namu, kuma shi ne ladanin masallacin unguwa tun kafin in yi wayo. Baba nake ce masa. Ranar da ya ji ƙarar diga ya yi sallama ya shigo, ya duba ɗakin, ya ce in zan shafa siminti a bangon ƙasa in bar masa wurin shan iska. Sannan ya leƙa makewayi, ya nuna kusurwar da ke jikin katangarsa da sanda, ya ce wannan wurin kada in taɓa shi, in aiki ya kawo nan in aika a kira shi. Na amsa da to, amma a raina na ce tsoho yana neman a sa shi cikin aikin ne ya samu na goro. Ban tambaye shi dalili ba, shi kuma bai ƙara ba, don magina irinsa ba su saba bayyana aikinsu ba.

Ɗakin kwana ya tafi daidai. Muka kankare tsohon yaɓe, muka shafe bango da siminti tun daga ƙasa har sama, ban bar ko tafin hannu ba. Da muka zo makewayi na fara kwashe tsakuwa don in daidaita ƙasa, sai diga ta bugi wani abu a wannan kusurwar. Na sa hannu na tona. Tuluna uku ne a kife, an huda gindin kowanne, kewaye da su gawayi da tsingaro, a ƙarƙashi kuma ƙasusuwan shanu da ƙaho guda biyu. Nan take na tuna ƙafar mahaifina, na tuna a kan wannan wurin yake tsayawa kullum ya yi wanka, na tuna sandar Baba tana nuna kusurwar. Kowa kuma ya san abin da ake faɗa game da magina da asiri. Mai ɗakina ta ce, Malam, tun da shi ya gina, a kira shi a tambaye shi mana. Na ce mata wanda ya binne abu ba shi ake tambaya ba. Na kwashe komai na zubar a bola, na cike ramin da birji na daddanne, na zuba siminti. Ruwan wanka kuma na huda masa 'yar rariya a gindin katanga, na ce ƙasa za ta shanye.

Daga ranar komai na tsohon ya zama mini shaida. In ya gaishe ni da fara'a, in ce yana gwada ni ne. In ya wuce bai gan ni ba, in ce ya tsargu. Da ya ga tulunan a bola ya tare ni a ƙofar gida, fuskarsa a ɓace, ya ce ɗana me ya kai ka, ai na ce ka kira ni. Ya fara wata magana ta ruwa, na ce masa ina sauri, na hau keke na bar shi tsaye. Na daina cin abin da aka aiko daga gidansa. Na hana yarana shiga. Har kiran sallarsa, wanda na tashi da shi a kunne, ya koma yana yi mini nauyi.

Abin da ya fi damuna yau shi ne yadda na yi da bakina. Shekarar kowa na cikin zafin gyara, ana wa'azi a kan tsafi da bokaye a kowace kusurwa, kuma kowa ya san ƙazafi yanzu yana da hukunci. Saboda haka ban taɓa cewa Baba ya yi asiri ba, ko sau ɗaya. Abin da nake yi, in an zauna a dakalin masallaci, sai in ba da labarin abin da na tono, in ƙirga tulunan da ƙahonin, in ambaci jinyar mahaifina, in yi shiru kaɗan, sannan in ce Allah dai ya san wanda ya gina wurin. Sauran aikin mutane suka ƙarasa mini. Kafin wata guda maganar ta kai ga liman, ya kira mu mu biyu. Baba ya ce hanyar ruwa ce, haka mahaifinsa ya koya masa. Wani daga cikin dattawa ya tambaya ko ruwa yana cin ƙashi ne, aka yi 'yar dariya. Baba ya dube ni yana jiran in yi magana, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar mai kawaici. Liman mutum ne mai gudun fitina, sai ya roƙe shi ya ɗan huta da kiran salla har ƙura ta lafa. Ya ce to. Daga ranar a sahun ƙarshe yake tsayawa, da an sallame ya ɗauki takalmansa.

Da damina ta sauka, sai gindin bangon ɗakina ya fara jiƙa daga ciki, wani farin abu kamar kanwa yana fitowa a jikin simintin. Ɗakin ya ɗauki wari, mai ɗakina ta kama tari. Maimakon in yi tunani, sai na ce ramuwa ce, an ji haushi na tone abin. Na yi ta rubutu ina wankewa ina yayyafawa a bango, wato ina ƙara wa jiƙaƙƙen bango ruwa. Ana cikin marka, wata ranar Talata bayan azahar, muna zaune a rumfa sai muka ji rugugi. Katangar da ke tsakaninmu da Baba ta zube tun daga makewayi, ta ja kusurwar ɗakina, ta faɗa kan rumbunsa. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Amma geron da ya rage masa na cin damina duk ya haɗe da laka. Bai kai ƙara ba. Bayan kwana kaɗan surukinsa ya zo da mota ya kwashe shi da iyalinsa zuwa Zurmi, wurin 'yarsa. Ni kuwa har a lokacin cewa nake gudu ya yi.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a Shinkafi, ita ta zo mana jaje. Na zaunar da ita na ba ta labarin tulunan cikin ƙasa da murya. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni ko ɗaya daga cikinsu yana da zanen kaza a wuya. Na ce yana da shi. Ta ce to nata ne, na kayan aurenta, ya tsage ta bayar. Ta ce tana tsaye aka binne su, mahaifina da kansa ya je mahauta ya roƙo ƙasusuwan, don ba sa ruɓewa kuma suna bar wa ruwa hanya. Ruwan wanka yana bi ta tsakuwa ya taru a tulunan, gawayi ya kashe wari, ya tsiyaye can ƙasa nesa da gindin katanga. Shekara arba'in katangar na tsaye saboda su. Ta ce kumburin ƙafa kuwa ciwon gidanmu ne, shi ya ɗauki kakana, kuma kakana a rafi yake wanka. Sannan ta dube ni ta ce, kai da ake kai wa wasiƙa ka karanta, ashe ba ka iya karanta tulu ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Ban yi barcin kirki ba kwana da kwanaki. Na tuna ayar da ta yi hani ga yawan zato, wadda na rubuta a allo na wanke ba sau ɗaya ba. Da kaka ta yi, na sake gina katangar da tubali, na kankare simintin gindin bango, na sayo tuluna uku na huda, na mayar da komai yadda gwaggo ta kwatanta. Na tayar da rumbun Baba, na auna gero na zuba. Wannan duk mai sauƙi ne. Zuwa Zurmi shi ya gagare ni. Na rubuta masa wasiƙa da mafi kyawun hannuna na aika, ba amsa. Na ce a raina ai na yi nawa. Ina zuwa kasuwar Zurmi in kasa yadi in kwashe, ban taɓa tambayar unguwarsu ba. Haka na yi shekara biyu, sai da mai ɗakina ta ce mini wata rana, tsohon nan fa ba ƙaramin yaro ba ne, in ya riga ka tafiya wa za ka kai wa wasiƙa.

Na same shi a zaure a kan buzu, idonsa ya yi rauni. Da ya ji muryata ya ce ɗan aminina ne, ya sa aka kawo mini ruwa. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har da yadda nake yin shiru a dakali. Ya saurara, sannan ya tambaye ni ko na mayar da tulunan. Na ce na mayar. Ya ce a kife ko a tsaye. Na ce a kife. Ya ce to ashe ana koyo. Na ce masa na cika rumbu. Ya ce gero da katanga ya yafe tun ranar da suka faɗi, wasiƙata ma an karanta masa, hannun ya yi kyau in ji mai karatun. Amma abin da na ɗauka nasa ba a takarda na ɗauka ba, kuma ba a Zurmi ba. A gaban mutane na ɗauka, a can zan mayar.

Ranar Juma'ar da ta biyo na ɗauko shi a mota muka zo Ƙaura. Bayan la'asar na miƙe a masallacin unguwarmu, na ce jama'a su dakata. Na gaya musu abin da tulunan suke, na ce ban taɓa furta ƙarya a kan Baba ba amma na shuka ta da gangan, kuma ni na rushe katangata da hannuna. Dattijon da ya yi maganar ruwa da ƙashi ya tashi ya kama hannun Baba. Da rana ta faɗi liman ya ce ladan ya tashi ya yi aikinsa. Muryar ta tsufa, tana karyewa a tsakiya, amma ba wanda ya motsa har ya gama. Da muka fito yana laluben takalmansa, na ɗauko na ajiye masa a gabansa. Ya dafa kafaɗata ya ce yanzu ba ya bina komai, ni ma ba na binsa. Bai koma Zurmi ba, kuma bai ƙara shekara ba ya rasu, a ɗakinsa na jikin katangarmu.

'Yan'uwa masu karatu, wanda duk ya gaji tsohon gida yana son ya gyara da hannunsa, ya nemi wanda ya gina ko wanda ya ga ginin, ya tambaya kafin ya ɗaga diga. Abin da ba ka gane ba a aikin mutanen da, ba lallai mugun abu ba ne. Kuma kada wani ya ruɗi kansa da cewa bai faɗa da baki ba. Ni ban faɗa ba, amma na raba dattijo da kiran salla shekara biyu da 'yan watanni, kuma waɗannan ba ni da yadda zan mayar masa da su. Har yau in na shiga wanka na ji ruwa yana sauka cikin tulunan nan, sai na yi masa addu'a. Ku ma ku sa shi a taku. Wassalam.