Ƙusar da Alkasum Ya Sa wa Motar Tanimu

A unguwar Kara-Kara ta Zinder idan aka ce Alkasum mai birki, ba sai an yi maka kwatance ba. Rumfarsa na bakin hanya, ƙasanta ta yi baƙi ƙirin da mai. Ɗan Zermu ne, gero da gyaɗa ya tashi yana nomawa, sai shekarar da damina ta ƙi ya shigo Zinder neman abin yi, ya zauna. Bai taɓa injin ba, bai taɓa lantarkin mota ba. Birki kawai, shekara talatin da ɗoriya.

Yana son bayani, ko ba a tambaye shi ba. Sai ya ɗauki silindar ƙafa, wani ɗan ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, ya nuna wa direba. "In ka taka birki, ba ƙafarka ke tsayar da mota ba," in ji shi. "Mai kake turawa. Uwar silinda da ke gaba ta matsa shi cikin siraran bututai, shi kuwa mai ba ya matsuwa, sai ya tafi da ƙarfinka har ƙafafu huɗu. A ƙafar baya ya shigo nan, ya tura ƴan fistin biyu, ɗaya nan ɗaya can, su buɗe takalman birki su danne tambur, kwanon ƙarfen da ke juyawa da taya. Abin da ke tsare man nan duka, ƴar roba ce kamar zobe. In ta tsage, mai ya zube, iska ta shiga, ka taka ka ji kamar ka taka auduga."

Wata safiyar kaka, Tanimu ya iso rumfar da motarsa ta fasinja. Direba ne ɗan Dakusa, mai yawan dariya, sun daɗe da sabawa. Ƙafar baya ta hagu na yoyo, mai ya jiƙa taya. Alkasum ya kwance ya ga robar ta narke. Ya zazzage akwatinsa, babu irinta. Mai sayar da kayan kuma ya tafi jana'iza.

"Maigida, mutane sun cika min mota a tasha," Tanimu ya ce. "Ka toshe min ita kawai. Ƙafa uku ma sun ishe ni. Gobe in dawo ka yi mai kyau."

Abu ne da ake yi. Alkasum da kansa ya sha yi. Ya samo ƴar ƙusa ya cusa a bakin bututun da ke kai mai ƙafar, ya ɗaure. Ya kwanta ƙarƙashin mota don fitar da iska daga sauran, Tanimu na kan kujera.

"Taka! Taka! Riƙe!"

"Na riƙe, maigida."

Ya sassauta ɗan notin fitar da iska, mai ya fito da kumfa, ya ƙara ɗaurewa. Da suka gama ya ce, "Ka bi a hankali. In ka danna da ƙarfi za ta ja ka gefe." Tanimu ya ɗaga hannu ya tafi.

Kafin azahar labari ya zo. Motar ta bar hanya kafin Dakusa, ta wuntsila sau biyu. Mutum bakwai suka rasu, har da Tanimu. Jandarmomi suka rubuta cewa taya ce ta fashe. Ba wanda ya ambaci birki, ba wanda ya zo rumfar Alkasum da tambaya.

Bayan kwana uku ya je inda aka ja gawar motar. Ya durƙusa ya leƙa. Tayar gaba ta fashe, gaskiya ne. Ƙusarsa ma tana nan. Shin tayar ce ta fara fashewa, ko kuwa Tanimu ne ya danna birki motar ta ja shi ta buga dutse sannan ta fashe? Ya daɗe a durƙushe. Ƙarfe bai gaya masa komai ba.

Daga nan abin ya fara. Da rana tsaka, yana kwance ƙarƙashin motar wani, ya ce "Riƙe!", kafin mai motar ya buɗe baki sai ya ji an amsa daga sama, da muryar nan mai dariya: "Na riƙe, maigida." Sai ya ajiye kile, wato sifanar da yake aiki da ita. Wani lokaci ya fito ya leƙa kujera, ya ga wani mutum dabam yana kallonsa. Matarsa Zahra'u ta ga yana rama, tuwo na komawa yadda aka kawo shi. Ta kai shi likita, aka ce jininsa ne ya hau. Bai gaya mata maganar ƙusar ba sai bayan shekara shida.

Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Malam, ni ba ni ce zan yafe maka ba. Ka je wurin masu abin."

Ya tafi Dakusa. Hajja, mahaifiyar Tanimu, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, idanunta sun fara dushewa. Ya gaishe ta, ya faɗi sunansa, ya faɗi komai, har da maganar da Tanimu ya yi da wadda shi ya yi. Hannunta bai tsaya ba sai can.

"Ka tabbata ƙusarka ce?"

"Ban tabbata ba, Hajja."

"Na san ɗana da gaggawa. Tun yana ƙarami ba ya jiran fura ta dahu." Ta ajiye gyaɗar. "Nawa rabon na yafe. Amma ba shi kaɗai ne cikin motar ba."

Alkasum ya shiga neman dangin sauran. Ya ɗauke shi shekara huɗu, yana rufe rumfa ranakun kasuwa. Wani dattijo ya yi masa addu'a. Wani mai suna Ado, wanda ya rasa ƙanensa, ya tashi ya shige gida. Wata mata ta ce ya tafi kada ya sake dawowa. Gida biyar ya samu.

Ta shidan ce ta gagara. Wata mata ce da ta shiga motar a tasha ita kaɗai, da ƙullin kaya da kwano sabo. Ba takarda a jikinta. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka yi mata sutura, ba wanda ya zo nemanta. Abin da suka tuna kawai, zanenta shuɗi ne, kuma tana da tsage biyu a kumatu.

Yanzu Alkasum ya haura sittin, gwiwoyinsa ba sa son ƙasa. Muryar ta rage zuwa, amma ba ta daina ba. Ranar da ba aiki yakan hau mota ya sauka a wata kasuwar ƙauye, ya sayi goro, ya zauna cikin dattawa. In hira ta yi nisa sai ya tambaya ko a garin nan akwai wata mata da ta tafi Zinder wata kaka, ba ta dawo ba. A watan jiya wani mai sayar da kanwa ya ce ya taɓa jin irin wannan a wani ƙauye bayan Takeita, amma sunan ƙauyen ya ɓace masa.