Hannun Jarin Kawu da Saniyar Inna

Abin da zan faɗa a nan na tattaro shi ne daga abin da na gani da idona, da kuma abin da Inna, yayar mahaifiyata, ta sake ba ni labari daga baya. Na tabbata bayan kaka ne, domin ana ta shigo da sabuwar dawa Gusau, amma ban iya rantsewa a kan watan ba.

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a Tsafe. Da na gama jami'a, ni na nuna masa yadda ake sayen hannun jari ta waya, ya zuba abin da ya tanada don takin damina a wani kamfanin fasaha. Sai labari ya fito cewa kamfanin zai sayi wani kaso na hannayen jarinsa daga wurin jama'a. Kawu ya tarar da ni a wani taron suna a Gusau, ko zama bai yi ba.

"Malam ɗan boko, sayar mini da abin ga yau," in ji shi. "Manomin da ya sai da gero da kaka, ya dawo da bazara shina sayen abinai, mi ka damunai in ba yunwa ba?"

Na ce, "Kawu, ba lallai haka ba ne. Kamfani kan yi hakan idan yana da rarar kuɗi, ko yana ganin an karya darajar jarinsa."

Abokina na makaranta, wanda ke sana'ar karanta zanen hawa da saukar farashi, yana kusa. Ya buɗe wayarsa ya nuna wa Kawu layuka ja da kore, ya ce farashin ya sha sauka zuwa wani mataki ya koma sama, don haka yanzu ma tashi zai yi.

Kawu ya daɗe yana kallo. "Ashe bugun ƙasa ya shiga waya? To, ina ka zuba yashin?"

Abokina ya yi dariya har wayar ta kusa suɓuce masa. Ya amsa cewa zanen ɗabi'ar masu saye yake nunawa, kuma yakan yi kuskure.

Inna, wadda ke kiwo a Nahuce ta ƙasar Bungudu, ta leƙo daga zaure da kwanon waina. Ita ce gaba da Kawu, ba ta raga masa.

"Kai kullum sai yunwa," ta ce. "Wanda ya sai da saniya, ya biyo ka shina roƙon ka maido mai, ya san tana da ciki. Ka riƙe igiyarka."

"Ko kuwa ya ga mai saye ya gano gurguwa ce, yana son rufa asiri," in ji Kawu.

Duk suka juyo gare ni. Na faɗi iyakar abin da na sani: dukkan ukun suna faruwa, kuma sanarwar ba ta isa ta bambance su ba. Kawu ya cinye wainarsa, ya ce in sayar da abin da zai ishe shi taki, sauran jarin a bar wa saniyar Inna, a ga ko za ta haihu.

Takin ya samu, dawarsa ta yi kyau. Farashin kuwa ya hau, ya sauka, ya sake hawa, Kawu da Inna kowannensu ya sami ranar da ya kira ni yana murna. Har yau ban san dalilin kamfanin na sayen jarinsa ba: rarar kuɗi ce, ko akwai abin da yake rufewa?