Ranar da na sare hatsin Sabi'u

Ku sabbin 'yan sitaj masu koyon aiki, har yau ban manta da ranar da na yi ɓarna a gonar mutane a Kwaya ba.

Farkon damina ne, lokacin noman fari. Inibarsite ta turo mu daga Damagaram mu yi sati biyu muna sauraron matasa masu damuwa. Tsarin shi ne: mu cika fish, takardar tambayoyi, wanda abinsa ya yi nauyi mu haɗa shi da majo, wato babban ma'aikacin asibitin garin, ya ci gaba da ganinsa. Amma listin da aka ba mu duk 'yan kolej ne.

Saura kwana uku mu tafi, Inna Hajara, wadda ke shiga da mu gidaje, ta tare ni.

"Ɗana, masu ciwon ba su kan benci. Ga Sabi'u can, tun da aka koro shi daga Aljeriya bai yi wa kowa magana ba, har uwarsa."

Na kira Madam, shugabar aikinmu. Ta ce, "Ba ya cikin listi. Amma in ya yarda da bakinsa kafin ku taso, ni zan sa hannu."

Na je gidan su Sabi'u da fish da bik na rubutu, na zauna gabansa yadda aka koya mana. Ya kalli takardar, ya tashi ya fita. Inna Hajara ta yi dariya.

"Kai ɗan birni, nan wa ke zama ido cikin ido in ba gaban alƙali ba? Bi shi gona."

Washegari na ari hauya. Ban taɓa noma ba, amma na rantse ba zan bar garin nan ban ji muryarsa ba. Na kama layi kusa da shi ina ta sara, ina jin kaina gwani.

Can sai na ji muryar Sabi'u: "Kai! Kai malam! Hatsi ne kake kashewa!"

Wallahi ni duk ciyawa nake gani. Na sare kusan rabin layi.

"Me ake koya maku a lakkwal ɗin?" in ji shi. Ya karɓe hauyar ya nuna min. Muka ci gaba, kowa idonsa a ƙasa. Kafin azahar ya fara magana. Abin da ya faɗa tsakanina da shi ne, aikin ke nan.

Ranar da za mu tafi, shi ya hau bayan babur ɗina muka je wurin majo. Madam ta sa hannu. Tun shekarar, Inna Hajara ake fara tambaya kafin a rubuta listi.

Don haka in mutum ya ƙi zama gabanku, kar ku rubuta "ya ƙi". Ku tambayi inda yake wuni, ku je ku tsaya gefensa. Amma don Allah ku fara koyon bambanta hatsi da ciyawa.