Rijiyar Zulaihat

Zulaihat jikar mutanen da ruwan Tiga ya tasa ce. Kakarta Delu har ta rasu tana nuna tsakiyar dam tana cewa can ne ɗakinta. Mahaifinta noman rani yake yi a ƙasar Bebeji, ita kuwa rubuta manhajar waya ta koya a Kano, ta dawo gida da tsohuwar kwamfuta.

Abin da ta fara haɗawa manhajar rabon ruwa ce, mai faɗa wa kowane manomi ranar da zai buɗe kwata zuwa gonarsa. Lissafin ranakun ta ware shi daban, wai shi laburare, don kowace manhaja ta iya ɗiba daga gare shi. Ita rijiya take ce masa. A cikinsa sabuwar rana da magariba take kamawa, yadda manoma ke ƙirgawa.

Sai Nasiru, ɗan ajinsu daga Kiru, ya zo yana haɗa manhajar kai kaya ga 'yan kasuwar birni.

"Ara mini rijiyar nan mana, uwar rowa," in ji shi.

Ta yi dariya, ta ba shi izinin shiga. A gidansu ba a hana maƙwabci guga.

Su kuwa 'yan kasuwar Nasiru da sha biyun dare suke canza rana. Bai kwafi nasa daban ba, sai ya gyara a ainihin rijiyar, bai kuma faɗa mata ba. Da ta sabunta manhajarta, gyaran ya biyo ta har gonaki. Wata magariba gida biyu suka haɗu a bakin kwata ɗaya, kowa na cewa ranarsa ce. Aka ɗaga fartanya. Kafin a sasanta, tumatirin Kawu Uba, yayan mahaifiyarta, ya ƙone don rashin ruwa.

Ta kira Nasiru. Ya ce, "Layi ɗaya fa na taɓa. Ke ma ai da kin gwada kafin ki saki."

Ta mayar da lissafin manhajarta yadda yake dā, ta je ta durƙusa gaban Kawu Uba. Ya ce, "Ba komai, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Ranar Juma'a ya tashi a masallaci ya sanar da rabon ruwa da baki, kamar dā. Haka ake yi har yau.

Da na ziyarce ta a shagon da take buga wa mutane takardu a Tudun Wada, na tambaye ta labarin rijiyar. Ta ce tana nan, manhajar Nasiru na sha a birni.

"Wani yaro ya zo aro jiya," in ji ta, idonta na kan allo. "Na ce ya haƙa tasa."