Wayar da Ke Kan Ɗorawa

Oba-obar ɗakin shan maganinmu, a wani ƙauye can gindin duwatsun Doguwa, ta sha zagi a bakina. Ni ce ungozoma, ita kuma da ita kaɗai muke kiran motar asibiti daga Tudun Wada, ga ta da ɗaukewa ana tsakiyar magana. Amma mun san halinta. In ta yi shiru, sai a ɗauki gora a zunguri wayar eriyarta da aka ɗaure a reshen ɗorawa. In ta ƙi, a cusa tsinken ashana a kan batir. Yawanci takan dawo.

Bayan kaka aka turo mana mai gyara daga Kano. Ya dubi ƙulle-ƙulle da faci, ya ce wannan ta wuce gyara, sai dai a kwance komai a sake sabo. Malamin asibitinmu ya yarda, shi ma ta ishe shi. Na ce a bar tsohuwar wayar a bishiya har mu ga kamun ludayin sabuwar. Mutumin ya yi dariya, ya naɗe ta ya jefa a mota. Gaskiya sabuwar ta yi kyau, murya garau, har na daina mita.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka kawo wata Bafulatana a amalanke, ta haihu a ruga, jini ya ƙi tsayawa. Motocin gari duk sun tafi cin kasuwa. Na yi iyakar yina, na ce malam ya kira mota. Ya danna, ya kira, ya sake kira. Shuuu kawai. Wallahi ban san sanda na suri gora na fita ba. Na tsaya gindin ɗorawa ina kallon reshe, babu abin zungura. Sabuwar waya tana can ƙololuwar dogon ƙarfen da mai gyara ya kafa, batir a kulle cikin akwati. Ba wanda ya san inda zai taɓa, tsoro ya kama ni.

Mijinta ya biyo ni, sanda a kafaɗa.

"Inna, motar ta taso?"

Na ce masa ana kan kira. Aka tura mai keke Tudun Wada, amma ina, hanyar da nisa. Bayan azahar ta cika, hannunta a cikin nawa. Ban ce da tsohuwar ce da ta rayu ba, amma da na sami abin zungura.

Muna lulluɓe ta, sai oba-oba ta yi ƙara, murya garau daga Tudun Wada: "Kuna jina? Akwai saƙo?"

Malam ya kasa ɗauka. Na karɓa na ce, "Babu."