Sangen Da Na Rufa Wa Albasa

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Mariyama makwancinta, a ƙauyenmu na ƙasar Malbaza. Har yau in aka raba sange, wato gidan sauro, ita nake fara tunawa, kuma da kunya nake tunawa da ita.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ba likita ba ce, tana dai cikin matan da gidan likita ke aikawa gida-gida. Wata shekara, ƙarshen damina, aka raba sabbin sanguna. Lokacin ne sauro ke cin kasuwarsa, lokacin ne kuma muke zuba irin albasa kafin dashe. Tsuntsaye da fara suka sa irin gaba, sai muka yi abin da muka ga wayo ne: muka ɗauki sangunan muka rufe iri a garka, wato lambu. Ni ma na yi, alhali matata Zuwaira na da ciki wata bakwai.

Da labari ya kai wa majo, shugaban gidan likitarmu, ya harzuƙa. Ya ce a zo da jandarma, wato jami'an tsaro, a leƙa ɗaki-ɗaki, wanda ba a ga sange bisa gadonsa ba a soke sunansa daga rabo na gaba. Yaya ta ce ba da ita ba. Abin da aka ba mutum ya zama nasa, kuma babu dokar da ta ba ma'aikacin lafiya ikon kutsawa ɗakin matar wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a je a tambaye shi.

Garkar da ta fara zuwa tawa ce. Na hango ta, na shirya wa faɗa. Sai ta tsuguna, ta ɗaga gefen sangen, ta yaba irin.

"Isuhu, albasag ga ta samu gata," in ji ta. "Ita ko Zuwaira, mi kar ruhe ta da shi?"

Na ce abincin shekara ne nake karewa. Ta ce gaskiyata. Ta tashi ta tafi, ba ta taɓa ko igiya ba.

Kwana uku bayan haka ta dawo da ƙunshi a ka. Ashe tsofaffin sanguna yagaggu ta bi gidaje ta tara, ta wanke, ta ɗinke. Sauro na bi ta ƙaramar huda, amma fara ba ta iyawa. Ta ajiye mini ɗaya ta ce, "Da tsohuwar zuma aka magani. Sabon naka na, yi yadda kag ga dama." Kafin la'asar na rufe irin da tsohon, na ɗaura sabon a ɗakin Zuwaira.

Ba zan ce kowa ya bi ba. Akwai wanda ta je wa sau uku ya ƙi, ta ƙyale shi, masassara kuma ta shiga gidansa. Wannan ya daɗe yana cin ranta, majo ma ya yi mata gori. Duk da haka ba ta taɓa cewa da ma an kira jandarma ba.

Yanzu saƙonnin lafiya ta salula suke zuwa, a rediyo ma ba a fasa ba. Da tana nan, na san abin da za ta tambaya: to wa ya je garkar ya tsuguna? Ina jin kewarta sosai.

'Yar da Zuwaira ta haifa a waccan shekara ta isa ɗaura wa ƙannenta sange da kanta. Makon jiya kuma na ga sabon sange fari fat bisa irin maƙwabcina, ga amaryarsa da tsohon ciki. Bakina ya cika da faɗa. Na haɗiye, na koma gida, na ce Zuwaira ta nemo mini allura da tsohon sangen namu.